Manya masu lalurar ƙwaƙwalwa tun yarinta: haƙƙinsu, asibitocinsu da yadda za a kula da su a Kudu

A kusan kowace unguwar Hausawa ta Kudu, daga Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas zuwa Sabo ta Ibadan da ta Shagamu, har Ama Hausa ta Owerri da Bogobiri ta Kalaba, akwai mutum ɗaya ko biyu da kowa ya sani. Ya kai shekara talatin ko arba'in, gemu har ya fara furfura, amma yadda ake yi wa yaro magana haka ake yi masa, yara na binsa da tsokana, manya na kiransa dolo ko gaula. Idan mace ce ma ba kasafai ake ganinta ba, tana ƙuryar ɗaki. Lokacin da suke ƙanana ana ɗan yawon nema musu magani. Da sun girma sai a gaji, a ce haka Allah Ya yi su, a bar maganar. Alhali a girman ne buƙatarsu ta fi yawa, domin iyayen da suka riƙe su sun fara tsufa.

Wace lalura ake nufi

Ana nufin lalurar da ke samun ƙwaƙwalwa tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a shekarun yarinta, ta kuma zauna da shi iya rayuwarsa. Tana taɓa koyo, ko magana, ko motsi, ko yadda mutum zai kula da kansa. A kafafen labarai an fi cewa galahanga, sai dai kalmar ta haɗa abubuwa daban-daban da ya kamata a rarrabe.

Akwai tawayar fahimta, wato mutum ya kasance mai jinkirin ɗaukar abu: lissafin kuɗi, karatu, gane haɗari. Wani nata kaɗan ne, zai iya sana'a har ya yi aure. Wani kuma sai an yi masa wanka an ba shi abinci a baki.

Akwai lalurar Down, wadda ake gane masu ita da fuska: idanu a ɗan karkace, hanci a kwance, wuya gajere, jiki sake-sake. Asalinta daga ƙwayoyin halitta ne. Ɗan Adam yana da ƙunshin ƙwayoyin gado 46, su kuma suna da 47, saboda na 21 ya zo uku maimakon biyu. Shi ya sa aka ware 21 ga Maris a matsayin ranarsu ta duniya. Kusan haihuwa ɗaya cikin 1,000 ke zuwa da ita. Ta fi samun matan da suka haihu bayan shekara 35, amma 'yan mata ma suna haifa, kuma babu wani abu da uwa ta ci ko ta taka da ya jawo.

Akwai otizim, wadda ke taɓa mu'amala da magana. Mai ita yakan guje wa haɗa ido, yakan maimaita abu ɗaya, yana son komai ya tafi a tsarin da ya saba, ƙara kuma tana damunsa fiye da kima. Wasu ba sa magana sam, wasu kuma sun fi mu kaifin ƙwaƙwalwa a wani fanni.

Sai shanyewar gaɓoɓi da ke zuwa daga raunin ƙwaƙwalwar jariri, irin yaran da a gida wasu ke kira 'yan ruwa. Hannu da ƙafa suna sandarewa, yawu na zuba, magana na fita da ƙyar. A nan ake yawan zaluntar mutane, domin da yawansu hankalinsu garau yake, suna jin duk abin da ake faɗa a kansu, bakin ne kawai ba ya ba su haɗin kai.

Duk waɗannan daban suke da taɓin hankali. Taɓin hankali yakan zo wa mutum ne bayan ya girma lafiya lau, kuma magani na iya dawo da shi yadda yake. Ita wannan lalura babu ƙwayar da ke cire ta. Duk wanda ya ce a kawo dubu kaza zai warkar da lalurar Down, kuɗinku yake so. Abin da ake iya yi shi ne horo, da maganin cututtukan da ke tafiya tare da ita, kuma wannan ɗin yana canza rayuwa sosai.

A ƙasarmu, ban da na gado, abubuwan da suka fi kawo ta sanannu ne: doguwar naƙuda har jariri ya rasa iska, shawarar jarirai da ba a kai asibiti da wuri ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, rashin sinadarin aidin a abincin mai ciki, da gubar dalma. Mutanen Zamfara ba su manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400, wasu da suka rayu kuma ta bar su da raunin ƙwaƙwalwa. Yaran nan yanzu sun zama samari da 'yan mata.

Lafiyar jiki, wadda aka fi yi wa sakaci

Mutumin da ba ya iya cewa "haƙorina ke ciwo" da hali yake faɗa. Sai a ga ya daina cin abinci, ko yana buga kansa da bango, ko ya fara duka, a ce abin nasa ne ya motsa. Sau da yawa ciwon haƙori ne, ko kunne, ko basir, ko gyambon ciki. Ƙa'idar da ya kamata kowane gida ya riƙe ita ce: duk sabon hali da ya ɓullo kwatsam, a fara duba jiki kafin a ce aljanu ne ko taurin kai.

Masu lalurar Down suna da nasu abubuwan. Kusan rabinsu da matsalar zuciya ake haihuwarsu. Ƙullin wuya da likitoci ke kira tayirod yakan yi musu rauni, sai mutum ya yi ta ƙiba da barci da kasala, kuma gwajin jini kawai ake yi a gano, maganin ma ƙwaya ce ta kullum. Ido da kunne suna saurin raunana. Daga shekara 40 zuwa sama kuma ciwon mantuwa yakan kama su da wuri fiye da sauran mutane. A Amurka, a farkon shekarun 1980 yawancinsu ba sa wuce shekara 25, yanzu suna kaiwa wajen 60. Lalurar ba ta canza ba, kulawar asibiti ce ta canza.

Farfaɗiya tana yawan haɗuwa da waɗannan lalurori, kuma ita tana jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan suka samu maganin da ya dace. Sharaɗin dai a sha kullum, kada a yanke don an ga sauƙi ko don kuɗi ya ƙare, domin yankewar farat ɗaya na iya kawo faɗuwa mai tsanani. Idan mutum ya faɗi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In ya wuce minti biyar yana jijjiga, a nufi asibiti. Mace mai shan maganin farfaɗiya da ake kira balfuret, dole likita ya sani tun kafin ta ɗauki ciki, saboda yana iya cutar da jariri.

Abin da doka ta ce

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa. Dokar ta ce wanda ya nuna wa mai nakasa wariya zai biya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan ɗaya. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, da kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, da fifiko a layi. Akwai sashen da ya fi shafar mu a nan: mai nakasar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati, kuma ana neman ya mallaki takardar shaidar nakasa daga hukumar.

To, a takarda ke nan. A zahiri za ka je asibiti a ce ka biya kuɗin kati, ma'aikacin ma bai taɓa jin wannan sashe ba. Duk da haka wanda ya je da takardar likita da katin shaida ya fi wanda ya je hannu rabbana ƙarfin magana, musamman a ofishin walwalar marasa lafiya da manyan asibitoci ke da shi.

Legas ta riga gwamnatin tarayya, tana da tata dokar tun 2011, da ofishin LASODA mai yi wa masu nakasa rajista. Anambra ma ta yi tata a 2018. Mutanenmu da yawa suna ɗauka waɗannan na 'yan asalin jiha ne kawai, shi ya sa ko gwadawa ba sa yi. Katin mazauna Legas na LASRRA na duk mai zama a jihar ne, Bahaushe ko Bayarabe. A fara da lambar NIN, domin yanzu kusan babu rajistar da ake yi ba tare da ita ba, kuma abin takaici shi ne a gidaje da yawa an yi wa kowa an tsallake mai lalurar, wai me zai yi da ita. Daga nan sai katin jiha, sai takardar likita, sai inshorar lafiya irin Ilera Eko a Legas ko OYSHIA a Oyo.

Ina ake zuwa

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kudu suna Yaba a Legas, Aro a Abeokuta, Uselu a Benin, Enugu da Kalaba. Kada sunan ya tsorata kowa, ba sai wanda ke jifa a titi ake kaiwa ba. Nan ake auna fahimtar mutum, a ba da takardar da hukumomi ke karɓa, a daidaita maganin farfaɗiya. Asibitocin koyarwa kamar LUTH, wanda yake cikin Idi-Araba kusa da mutanenmu, da UCH ta Ibadan, suna da sashen gashin ƙashi da masu koyar da magana. Gashi yana amfanar babba ma: yana hana gaɓoɓi ƙara ƙagewa, a kuma koya wa masu jinya yadda za su zaunar da shi ya ci abinci ba tare da ya shaƙe ba.

Ta ɓangaren ƙungiyoyi, akwai Down Syndrome Foundation Nigeria a Legas, wadda Rose Mordi ta kafa a 2001, tana koyar da karatu da sana'a. Akwai Benola da ke aiki kan shanyewar gaɓoɓi, da Special Olympics Nigeria mai shirya musu wasanni, bankin GTBank kuma yakan shirya taron otizim duk shekara a Legas inda ƙwararru ke duba mutane kyauta. A garin Oyo akwai kwalejin tarayya ta horar da malaman masu buƙata ta musamman. Gaskiya dai yawancin waɗannan wurare sun fi karkata ga yara, masu zaman kansu kuma wasu kuɗinsu ba na talaka ba ne. Wanda ya haura shekara 25 gurbinsa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa nauyin ke dawowa kan gida da unguwa.

Akwai matsalar da ta keɓanta da mu: harshe. Mai lalurar da Hausa kaɗai yake ji, ita ma da ƙyar, idan likita ya yi masa tambaya da Turanci ko Yarabanci ko Ibo ya yi shiru, ana iya rubuta cewa lalurarsa ta fi yadda take tsanani. A tafi da wanda ya san shi sosai kuma yake jin harshen likita. Uwa ce ta fi kowa sanin tarihinsa, kada a bar ta a gida a tura ƙanen da bai san ko a wata nawa ya fara zama ba.

Aiki

Mu da muka tashi a kara mun san aikin shanu kashi-kashi ne, kuma ba kowanne ke buƙatar lissafi ba. Ba da ruwa, zuba dusa da harawa, share turke, naɗe igiyoyi, wanke kwanon sha. Aiki ne da ake maimaitawa kullum a lokaci ɗaya, irin wanda mai tawayar fahimta ko mai otizim kan riƙe da amana fiye da yaron da hankalinsa ke kan waya. Haka a rumfar mai shayi, wajen tsintar albasa da tumatir a Mile 12 ko Shasha, ƙulla gyaɗa da sukari, wanki da guga. Yadda ake koyarwa shi ne a raba aikin gunduwa-gunduwa, a nuna da hannu maimakon dogon bayani, a tsaya kan mataki ɗaya har ya zauna kafin a ƙara wani. Wata uku ana abu ɗaya ba asara ba ne.

Sai dai a kiyaye: ban da lodin tirela, ban da kama bijimi mai faɗa, ban da wuƙa a kwata, mai farfaɗiya kuma a nisanta shi da wuta da rijiya da bakin ruwa. Sannan a biya shi. A kasuwanninmu an saba a sa irin waɗannan mutane aiki tun safe har magariba a sallame su da kwanon shinkafa, ana ganin ma an taimake su. Wannan cin gumi ne ko da wane suna aka kira shi. A yanka masa lada kamar kowa, a ba wani amintacce ya riƙa ajiye masa ana rubutawa, a bar masa ɗan abin da zai saya wa kansa abin da yake so. Mutumin da ya sayi tsire da kuɗin guminsa, tafiyarsa ma daban take.

Wani abu da na lura da shi: a tsarinmu na gargajiya akwai sarkin makafi, sarkin guragu, sarkin kutare, kuma har a Kudu ana naɗa su. Masu lalurar ƙwaƙwalwa ba su da sarki, ba su da mai magana da yawunsu a fadar Sarkin Hausawa. Idan aka kawo rabon azumi ko zakka, da wuya a tuna da su. Iyayensu a unguwa ɗaya za su iya haɗuwa, ko gida biyar ne, su yi adashin kuɗin magani, su riƙa karɓa-karɓar zama da su don uwa ta samu zuwa kasuwa ko asibitin kanta, su kuma nemi a ba su wakili a fada.

Bara da mari

Dokar 2019 ta haramta amfani da mai nakasa wajen bara, hukuncin naira 100,000 ko wata shida ko duka. Legas kuma tana kamen mabarata a titi, akan kai su cibiyar Majidun da ke Ikorodu. Makaho ko gurgu in an kama shi zai faɗi sunansa da unguwarsu. Wanda ba ya magana fa? Yana iya shafe watanni danginsa na yawon ofishin 'yan sanda da ɗakin ajiye gawa.

Don haka ko ba ya bara, a yi masa kati mai leda da sunansa, unguwa, lambar waya biyu, da maganin da yake sha, a rubuta da Turanci da Hausa, a ɗinke a aljihun riga ko a rataya masa kamar laya. A ajiye sabon hotonsa a waya. Duk wanda ya ga rikicin Shasha na Fabrairun 2021 ya san yadda ake watsewa a rasa inda kowa ya nufa, ga gobarar kasuwa, ga rusau. A irin wannan rana mai lalura ne farkon ɓata.

Gidan mari kuwa, a 2019 'yan sanda sun buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da Daura, a watan Nuwamba kuma aka fito da mutum 259 daga wani a Ojoo ta Ibadan, wasu da sarƙa a ƙafa. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti ba, amma sarƙa da bulala ba sa ƙara wa kowa fahimta, tsoro kawai suke ƙarawa. Mai otizim da ke ihu a gidan haya mai ɗaki-ɗaki, sau da yawa ƙarar janareta ce da hayaniya da zafi suka ishe shi. Fita da shi yawo da yamma, da tsayayyen lokacin abinci da barci, da sanar da shi tun kafin a canza wani abu, suna rage abin da ɗauri ba zai rage ba.

Mata da maganar aure

Mace mai wannan lalura ita ce ta fi kowa shiga haɗari, kuma mai cutar da ita yawanci ba baƙo ba ne, wanda ke shiga gidan ne, ya san ba za ta iya ba da labari ba, in ta bayar ma ba za a yarda ba. A koya mata da kalmomi masu sauƙi wuraren jikinta da ba a taɓawa, da wanda za ta gaya wa. A koya mata tsaftar al'ada, a riƙa lura da kwanakinta. Idan abu ya faru, a je asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau ke aiki. A Legas cibiyar Mirabel da ke asibitin LASUTH a Ikeja tana duba irin wannan kyauta. Rufa-rufa don gudun abin kunya mai laifin kawai take karewa, kuma zai sake.

Aure ba magani ba ne, duk da ana yawan cewa a yi masa aure zai natsu. Mai ƙaramar tawaya da ya san me aure yake nufi, yake so, yake da abin yi da dangi masu tallafa masa, ba a hana shi, amma a gaya wa ɗaya ɓangaren gaskiya tun farko. Wadda ba ta san ma me ake ciki ba, aurar da ita don a rage nauyi jefa ta ne inda babu mai ganin abin da ake yi mata.

Mayar da shi gida, da ranar da iyaye ba sa nan

Idan abu ya yi nauyi, abin da aka saba shi ne a sa shi a mota a kai wa kaka a Arewa. Wani lokacin hakan ya fi: fili, dangi, babu kuɗin haya. Amma a tambayi kai, kakar shekarunta nawa, garin lafiya ake kwana, kuma ina za a riƙa samun magani. Idan za a kai shi, a tafi da takardun asibiti da maganin aƙalla wata biyu, a haɗa shi da asibiti mafi kusa, kamar Kware a Sakkwato, Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano ko na Maiduguri.

Ta fuskar addini, malamai sun yi bayani cewa wanda hankalinsa bai cika ba an ɗauke masa alƙalami gwargwadon lalurarsa, amma ba a ɗauke masa haƙƙi ba. Gadonsa cikakke ne kamar na sauran 'yan'uwansa. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta yi umarni kada a damƙa wa irinsu dukiya a hannu, a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a kuma yi musu magana mai daɗi. Wato ana naɗa mai kula da dukiyar ne, ba mai cinye ta ba.

A Kudu babu kotunan shari'ar Musulunci na gwamnati irin na Arewa, rabon gado yawanci a gaban liman da Sarkin Hausawa ake yi, ko kwamitocin sulhu masu zaman kansu da ake da su a Legas da Ibadan. Dukiyar ɗan kasuwarmu kuma rabinta a baki take: shanu a hannun wane, bashi a wajen mahauta, rumfar da babu takarda. Uba tun yana da rai ya tara 'ya'yansa da liman da shaidu biyu, a rubuta wa zai riƙe mai lalurar, a wane gida, wa zai kula da kasonsa, wa kuma zai riƙa duba lissafin duk shekara. Ya fi kyau mai riƙon mutum daban, mai riƙon kuɗi daban. A ware abin da ke kawo kuɗi a kai a kai, kamar ɗakin haya ko shago, maimakon tsabar da za ta narke cikin shekara ɗaya. A rubuta har ƙananan abubuwa a littafi guda: sunan maganinsa da awonsa, lambar katin asibiti, abincin da ke shaƙe shi, abin da ke tsorata shi, da alamar da yake yi idan yana jin ciwo. Takardar a yi kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya wajen liman, ɗaya wajen dangi a Arewa.